Mun hau Mambila a kan Boxer, ni da mutumina

Jiya da daddare na shigo Kano, har yanzu ƙuguna bai koma daidai ba, in na rufe ido ji nake kamar muna shan kwana. Biki ne ya kai ni Serti a jihar Taraba, abokina da muka yi makaranta tare ne ya aurar da ƙanwarsa, washegarin kai amarya yake ce min wai abin kunya ne mutum ya zo har gindin Mambila ya juya bai hau ba. Na ce dutse dai? Ni da na tashi tsakanin Dala da Goron Dutse? Dariya kawai ya yi ya miƙo min wata jibgegiyar rigar sanyi ta gwanjo, na ce riƙe abarka malam, garin da muka kwana muna fifita wane sanyi kuma. Bai ce komai ba ya cusa ta cikin jaka ya ɗaure a kariya.

Ana idar da asuba ya buga Boxer ɗinsa muka kama hanya. Daga Serti zuwa Mayo Selbe ba wani labari, daji ne da ramuka. To daga Mayo Selbe ɗin ne fa abin ya canza, titi ya ɗaga kai sama kamar maciji, kwana kan kwana, kafin ka gama da wannan wata ta taso, hagu dutse ne a tsaye dama kuma kwazazzabo wanda in ka leƙa saman bishiyoyi kake gani ƙanana kamar shukar alayyahu. Duk kwanar da za mu shiga sai ya danna hon tun daga nesa saboda ba ka ganin mai saukowa. Mun tarar da wata babbar mota maƙare da siminti tana rarrafe, yaron motar yana biye da ita a ƙasa rungume da weji, ko da ta yi tari ya jefa mata a bayan taya. A ƙafa yake amma wallahi tafiyarsu ɗaya da motar. Nan na daina surutu, na ƙanƙame mutumina har sai da ya ce kai ɗan birni sake min haƙarƙari in yi numfashi mana.

Shi yake gaya min wai hawan nan sunansa Biyu da Sisi, kuma labarin da ake bayarwa tun zamanin Turawa sule biyu da sisi ne ladan wahalarsa. Na ce ko nawa ne a lokacin an cuci mutanen nan. Kunnuwana suka toshe kamar an cusa auduga, iska ta fara cizo, ban san sanda na ce tsaya ba ni rigar nan ba. Ya tsaya, ya kwance jakar a hankali da gangan yana tambayata labarin Dala.

Da muka ƙarasa sama sai na rasa abin faɗa. Ni a zatona kan dutse duwatsu zan gani, ashe wata ƙasa ce shimfiɗe a can, tuddai masu laushi ɗaya bayan ɗaya, ciyawa kore shar kamar an shimfiɗa kafet ɗin masallaci har iya ganinka, bishiyoyin turare a jere, shanu jajaye manya cikin shingen waya suna kiwo ba mai bin su da sanda. Tsayin wurin kusan mita 1,600 ne, ya fi Jos da muke ta kurantawa, kuma can gefen iyakar Kamaru ne Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi a Najeriya. Gajimare a gabanka yake wucewa ka shiga cikinsa ka fito da raɓa a gira.

Ba a rasa ɗan ɓata rai ba dai. Bayan mun wuce Maisamari wasu suka tare mu da katako mai ƙusoshi, ɗayansu ko sallama babu ya miƙa hannu ya zare makulli, wai ina rasit. Aka ba shi takardun mashin ya ce ba wannan ba. Na ce yallabai wanne kake nufi, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce da direba yake magana ba da kaya ba. Ni ne kaya! Raina ya ɓaci na fara ɗaga murya irin tamu ta Kano, mutumina ya taka min ƙafa, ya ja shi gefe suka yi ƙus-ƙus da Fulatanci, ɗari biyar ta yi kuka aka ba mu makulli. Rasit ɗin da ake ta magana har yau ban ga kalarsa ba.

Amma abin da ya wanke min wannan, kafin Nguroje ruwa ya ɓarke, irin mai sanyin ƙanƙara, muka ruga wata rumfa a bakin wani gida. Wani dattijo Bafulatani ya leƙo ya ce jabbama, wato sannu da zuwa da Fulatanci, bai tambayi daga ina muke ba ya shigar da mu ɗakin da ake hura wuta, aka kawo shayi da madarar da aka tatsa da safen nan, sannan kindirmo a ƙwarya mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki. Ya ga ina karkarwa ya cire bargon kafaɗarsa ya yafa min. Da za mu tafi na dunƙule dubu biyu na ce Baffa a sai wa yara alewa, ya maida min hannuna ya rufe da nasa, fuskarsa har ta ɗan canza. Useko, wato na gode, kawai na iya cewa, ita ma a hanya na koya. A unguwarmu baƙo ya fake a ƙofar gida sai an leƙa ta taga an ƙare masa kallo tukuna, ni ma ina yi, ba wani na ce ba.

Farashi kuwa abin a juye yake. Piya da muke saye ɗaya-ɗaya a Kano kamar magani, wata mata a Nguroje ta cika min leda da kuɗin da ba zai sai min uku a gida ba, na taya don al'ada kawai sai ta ƙara min biyu gyara, kunya ta kama ni. Ayaba ma haka. Fetur ne dai ba sauƙi, a kwalba 'yan bumburutu suka sayar mana da tsada har na fara mita, sai na tuna motar simintin nan na ce duk wanda ya hauro da tanka ta Biyu da Sisi ya ci halak ɗinsa.

Mun leƙa gonar shayi ta Kakara, layi-layi an aske ta kamar kan ango. Gembu kuma azahar muka yi muka ci tuwo, ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, yankin da sai a 1961 ya shigo Najeriya bayan ƙuri'ar raba gardama.

Saukowa ta fi hawa tashin hankali, a giya biyu muka yi ta, birki har wari yake, sau biyu muna tsayawa ya huce. A tsayawa ta biyu na manna ƙauri a salansa, ga tabon nan. Bayan isha muka shiga Serti. Ledar piyar kuma ashe tun a wata kwana ta ɓalle daga kariya, guda ɗaya ta rage a aljihun rigar sanyi, rigar ma na taho masa da ita.