Kwanan tanti da iyali a bayan garin Kaduna

Da na ce wa Hajiyarmu zan kai yara kwanan tanti a hutun Disamba, sai ta ajiye carbinta ta ce, "A wane dajin? Kai lafiyarka kuwa?" Ban yi musu da ita ba, don duk mazaunin Kaduna ya san inda tambayar ta dosa. Wuraren shaƙatawa kam muna da su. Ga gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari, ga ruwan Matsirga mai gangarowa daga dutse kusa da Kafanchan, ga duwatsun Kagoro, ga fadar nan ta dutse da wani Bajamushe ya gina a Kajuru. Amma 'yan bindiga sun sa hanyar Birnin Gwari ta zama abin da mutum ba ya bi da mata da yara don nishaɗi. Kamuku dai tun a zaune na cire shi daga lissafi.

Abin da na zaɓa lambun mangwaro ne na wani aminina a gefen gari, mai katanga da rijiya da maigadi, kuma waya tana kamawa. Wani zai ce ai wannan ba daji ba ne. Ya faɗi son ransa. Yaran da suka tashi a Unguwar Rimi, ba su taɓa kwana inda babu silin a samansu ba, su dai daji suka gani.

Kafin ranar na je ni kaɗai da rana na zaga wurin, sannan aminin nawa ya raka ni gaida mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne za mu kwana a lambu da iyali." Ya ce madalla da muka sanar, ya kuma sa aka gaya wa 'yan sintiri. Baƙuwar mota da hasken fitila a lambu cikin dare, in ba a san da zuwanku ba, ku ne za ku zama abin tsoron mutanen ƙauye. Wannan gaisuwar na fi ba muhimmanci a duk shirin.

Sai sayayya. Barguna da rigunan sanyi na gwanjo a Kasuwar Barci na samo. Tantin kuwa aro ne, kuma turakunsa siraran ƙarafa ne waɗanda ƙasar rani ke lanƙwasawa da bugu ɗaya. Na je Panteka aka yanka min rodi, aka fiƙe bakinsa, aka tanƙwara kansa. Na haɗa da guduma da tamfol na shimfiɗawa a ƙasa. Mun kafa tantin a tsakar gida tukuna don kowa ya san sandar da ke shiga ina, maƙwabta suna leƙe ta katanga.

Uwargida ce ta kawo maganar da ta fi kowace nauyi. Ta ce, "Maigida, ni da 'yan matan nan ina za mu zaga?" Maza kan manta da wannan, alhali shi ke sa mace ta ji daɗin tafiya ko ta tsane ta. Muka sayi zana, muka haƙa rami can ƙuryar lambu, nesa da rijiya fiye da mita 30 yadda ma'aikatan lafiya ke cewa, muka kewaye shi, muka ajiye toka da shebur a gefe. Aka yi wani kewayen daban na wanka.

Ruwa ma lissafinsa ya wuce na sha. Gidan Musulmi buta ce ke cinye jarka: tsarki, alwala sau biyar, ga wanke-wanke. Masu aikin agaji suna ƙiyasta aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a yini, da shi na yi aiki. Na sha daga gida muka ɗauko a jarkoki masu lita 25, na rijiya kuma ya tafi a sauran hidima. Babban ɗana ya so mu yi ƙasaru don a ganinsa matafiya ne mu, na ce masa sai tafiya ta kai wajen kilomita 80, kamar daga nan zuwa Zariya.

Abinci bai ba mu wahala ba: dambun nama, kilishi, garin rogo da ƙuli-ƙuli, taliya, kayan shayi, ƙaramar tukunyar gas. Dankalin Hausa da muka binne a toka shi yaran suka yi wa wawaso.

Sanyin hunturu a fili daban yake da na cikin gari. Wajen ƙarfe uku na dare yana tasowa ne ta ƙasa, ya ratsa tabarma ya shiga haƙarƙari, shi ya sa bargon da ke ƙarƙashinka ya fi na samanka amfani. Autarmu ta farka tana rawar ɗari, uwarta ta ce ko a shigo da kaskon garwashi. Na hana. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci ta tafi da shi. Muka zuba ruwan ɗumi a gora, muka naɗe da zane, muka sa mata a ƙafa, muka ƙara mata hula da safa.

Da asuba Baba maigadi ya tsayar da yaran kafin su sa takalmi. "Ku kakkaɓe tukuna, 'ya'yana." Ya juya wani dutse da sandarsa, sai ga kunama ta ɗaga ƙari. Ya gargaɗe su kan kububuwa ma, cewa launinta ya saje da busasshen ganye, kada wanda ya tura hannu cikin tarin itace ko ya fita da dare ba tocila. Tun kafin mu zo na riga na san asibitin da ya fi kusa, motar kuma a cike take da mai, bakinta na kallon ƙofa.

Da za mu tashi muka kashe wuta da ruwa har tokar ta yi sanyi a hannu, don ciyawar Disamba tartsatsi ɗaya take jira. Muka rufe ramin, muka kwashe ledoji a buhu, muka sallami Baba, muka biya ta wurin mai unguwa muka yi ban kwana. Kafin la'asar mun shigo gari ta Kawo.