Godiya ga mutanen Ikko da suka tsaya mana daren Lahadi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, an sallame mu daga asibiti tun ranar Litinin da azahar. Autarmu ta warware, tana ci tana sha, jiya ma ita ta taya Inna gyaran alayyafo. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi mini afuwa, hankalina ne ba ya jikina. Ga yadda abin ya kasance, don na ji har labari ya kai Funtuwa cewa guba aka ba ta. Wallahi babu wanda ya ba ta guba.

Bikin 'yar Kawu ne ya kawo mu Legas. An ɗaura aure ranar Asabar a Agege, inda Kawu ya haura shekara 30 yana harkar shanu a mayankar Oko-Oba. Washegari da la'asar ya ce, "Ɗana, ba za ka mai da iyalinka Arewa ba su ga teku ba, ba su ɗanɗana abin da ke cikinsa ba." Muka cika mota biyu. Muka hau gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, tsawonta kusan kilomita 12 a kan ruwa, yara suka manne da gilashi suna kallon gidajen Makoko da aka kafa kan turaku da masunta a kwalekwale. Ana kiran magariba muka isa Victoria Island, muka yi salla, muka shiga wani gidan cin abinci da ba su sayar da komai sai kayan ruwa.

Mu da muka saba da tarwaɗa da ƙarfasa da bandar kifin Baga, sai ga faranti an dire mana: gasasshen kifin teku da yaji, jatan lande manya kamar babban yatsa, ƙaguwa da ƙahonninta, ga soyayyar ayaba a gefe. Uwargida ta ɗan ja baya, ta tambayi Kawu ko ƙaguwa ta halatta. Ya karanto mata aya ta 96 a Suratul Ma'ida, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne. Muka yi bismilla. Gaskiya abincin ya yi daɗi, kuma tsaf yake, ba zan ɗora wa masu gidan laifin komai ba.

Auta, mai shekara 13, ta ci jatan lande uku ko huɗu. Ba a yi minti 15 ba ta ce, "Baba, bakina yana ƙaiƙayi." Na ɗauka yaji ne, na miƙa mata ruwa. Kafin in juyo leɓenta ya kumbura, borin jini ya feso mata a wuya da hannuwa, muryarta ta shaƙe, numfashinta yana fita da ƙara kamar usur. Duk uban da ya taɓa ganin ɗansa yana neman iska yana rasawa ya san abin da ya sauko mini a lokacin.

Nan wuri ya ruɗe. Wani ya ce a ɗura mata manja, wata ta ce madara, duk da kyakkyawar niyya. Sai wata mata Bayarabiya ta taso daga teburin da ke bayanmu, ta ce ita likita ce, kada a sa wa yarinyar komai a baki, maƙogwaronta ne ke kumbura, za ta iya shaƙewa. Ta hana a tsai da ita da ƙafarta, ta ce a ɗauke ta cak, a zaunar da ita a jingine tunda numfashi ne ke yi mata wuya. Ta ce allura guda ce maganin wannan, adiranalin, kuma ba a jira. Ta bar mijinta da abincinta, ta shigo motarmu, tun a hanya ta buga waya asibitin da ya fi kusa ta ce su zuƙe allurar su ajiye. Abin da ba zan manta ba shi ne, ashe ta yi hidimar ƙasa a Zariya, sai ta riƙe hannun yarinyar tana ce mata da Hausarta mai karaya, "Sannu 'yata, a hankali, mun kusa." Muna shiga aka soka mata allurar a cinya, aka sa mata iskar taimakon numfashi da ƙarin ruwa. Cikin 'yan mintuna ƙarar nan ta fara lafawa. Ko da na idar da sujadar godiya na fito neman likitar, ta tafi. Ban tambayi sunanta ba. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai.

Godiya ga likitoci da ma'aikatan jinyar da suka fara da ceton rai kafin su yi maganar kuɗi. Sun riƙe mu kwana guda, saboda a cewarsu abin yakan iya dawowa bayan awanni ko da mutum ya ji sauƙi. Godiya ga yaron da ke kawo abinci, wanda ya sunkuci yarinyar a kafaɗa har mota, da maigadin ƙofa, ɗan'uwanmu Buzu, da ya tsaya tsakiyar titi ya tare motoci muka fita. Manajan gidan ya biyo mu asibiti cikin daren, ya ƙi karɓar ko sisi na abincin. Direban Kawu kuma, Allah Ya yi maka albarka da irin nutsuwar da ka yi tuƙi da ita.

'Yan'uwanmu na Agege, da na Idi-Araba, da 'yan kasuwar Mile 12 da ban taɓa gani ba sai a bikin nan, kun cika harabar asibiti tun asuba da kunu da ƙosai da barguna. Wani dattijo mai sayar da albasa ya cusa mini kuɗi a aljihu ya juya, na bi shi ya ce, "Baƙon Alhaji baƙonmu ne." Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya tsare muku zuri'a.

Likitan da ya sallame mu ya ce jikinta ne ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa da danginsu, kuma galibi abin yana bin mutum har girma. Kifi mai ƙaya dabam ne, da yawa masu irin wannan lalura suna cinsa lafiya, amma ya ce mu dakata sai an yi mata gwaji. Ya kuma ja kunnenmu kan kirefish ɗin nan da ake dakawa a zuba a miyar agushi da ta kuɓewa, domin ƙananan jatan lande ne aka busar. Iyaye mata, ku riƙe wannan, don yanzu ya shiga girkinmu na Arewa sosai. A Legas kuma lambar gaggawa 112 ce ko 767.

Kawu, tun daren nan ba ka ci abincin kirki ba, kana ta cewa kai ka ja. Don Allah ka daina. Karamci ka yi mana, kuma da abin ya same ta a inda babu likita kusa, da yanzu wani zancen ake yi. Auta ma ta ce in gaya maka alkawarin kai ta bakin teku yana nan, tana jira kafin mu kama hanya ranar Alhamis.

Wanda duk ya san wata likita Bayarabiya da ta yi hidimar ƙasa a Zariya, ta ci abinci da mijinta a Victoria Island daren Lahadin nan, sanye da leshi shuɗi, don Allah ya haɗa ni da ita. Uwar yarinyar tana so ta gode mata baki da baki.