Ɓarawon da na raɗa wa suna

Juma'ar nan zan bar teburin fassara, kuma har yau akwai waɗanda ba su san sunana na yanka ba a ɗakin labarai. Malam Jimmy kawai suke ce mini.

Watana huɗu da kama aiki, saura minti goma a shiga labarai, aka turo mini wani guntun rahoto daga Amurka: an fasa shagon gwal cikin dare. A kanun labarin na ga Jimmy da babban baƙi, ga ƙofa, ga kwaɗo. Ban yi wata-wata ba na rubuta cewa wani ɓarawo mai suna Jimmy ne ya yi aika-aikar. Edita ya sa hannu, aka karanta wa duniya.

Ashe babu wani Jimmy. Jaridun Amurka kan fara kalmomin kanu da babban baƙi, shi ya rufe mini ido. Kalmar tana nufin cusa ƙarfe a ɓalle kwaɗo ko a banƙare ƙofa da ƙarfin tsiya. Asalinta sunan ƙarfen ne, guntu mai lanƙwasasshen baki da ɓarayi ke ɓoyewa cikin riga. A Ingila jemmy ake cewa, kuma an same ta a rubuce tun 1811. Amurkawa suka mayar da ita jimmy, daga baya sunan ƙarfen ya koma sunan aikin. Duka biyun laƙabin James ne. Turawa suna da wannan ɗabi'a ta raɗa wa kayan aiki sunan mutum: jak ɗin da makanike ke ɗaga mota da shi, daga Jack ya fito. Mu da muke kiran ƙarfen kulle ƙofa kwaɗo ba mu da bakin yi musu dariya.

Duk wannan a daren na binciko shi, don barci ya ƙi zuwa. Washegari a taron safe editan ya ɗaga takardata ya ce, "Yaro, ina ɓarawon naka? An kama shi?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Sa hannunsa yana nan raɗau a ƙasan takardar, kowa ya gani, ba wanda ya yi tari. Ni aka ba takardar gargaɗi. Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, yallaɓai," na zauna. Laifina na yarda da shi, amma mu biyu muka yi shi.

Tun daga ranar ba na fassara kanu sai na karanta labarin har ƙarshe. In lokaci ya ƙure, gara in ce ban gama ba. Takardar da duk aka sa wa hannu kuwa, ina ɗaukar hotonta a waya.

Ƙamus ɗina na bar wa yarinyar da za ta gaje ni. Takardar nan mai sa hannu biyu tana cikin jakata, da ita zan tafi.