Notin da ya cije a gaɓar kekena: inda aka kwana

'Yan'uwa masu koyon gyaran keke, ga inda na tsaya da keken hawan dutsen nan da na saya gwanjo, mai shakazoba gaba da baya. Tun ranar da na zaga da shi ta gefen Goron Dutse yake wani kuka daga babbar gaɓar da ke saman feda, wadda ƙafar baya ke lilo a kanta.

Sai na ce bari in kwance notin gaɓar in duba. Ranar Juma'a na yi kuskuren farko. Na zura alanki mai lamba 6, wato ɗan ƙarfen kwance noti mai rami a ka, na danna da ƙarfi, sai na ji ya fara zamewa. Ashe ƙurar hunturu ta cika ramin notin ta daskare, rabin alankin kawai ya shiga. Da na ƙara murɗa sau ɗaya da kan ya cinye. Allura na sa na tone ramin tas.

Asabar na sauke iskar shakazoba na cire shi gaba ɗaya, domin muddin yana ɗaure gaɓar na ɗauke da nauyi. Na ɗiga man sassauta tsatsa ta kowane gefe, ya kwana. Wani dattijon bakanike a layinmu ya ce, "Yaro, zuba masa man birki." Na ce, "Baba, na gode, amma ina tsoron fenti." Man birki na cin fenti, kuma yana lalata robar boris. Mai walda kuma ya ce in kawo ya hura masa wuta. Ban yarda ba: jikin keken alminiyam ne, kuma da na kabon ne ma ai wuta kashe shi za ta yi.

Na'urar busar da gashi na ara. Zafinta ya ɗan sassauta shuɗin gam ɗin Loctite da ke haƙoran notin, ƙaramin notin hagu ya fito. Sandar tsakiya kuwa, wadda ta ratsa gaɓar, ko gezau.

Nan ne na fi daɗewa ina tunani, kuma nan nake so ku lura. Sandar ta alminiyam ce, zoben boris ɗin da ta ratsa na ƙarfe ne. Idan ruwan damina ya shiga tsakaninsu, alminiyam ɗin ne ke ciwuwa, ya fitar da farin gari da ke manne su. Sannan alminiyam na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Wato zafin da ya taimake ni a haƙori, a nan ƙara matse sandar yake yi. Sai na bar keken a tsakar gida ya sha sanyin dare.

Bayan sallar asuba na mayar da notin rabi don ya kare haƙoran, na tokare ɗaya gefen da guntun bututu, na ɗora katako na riƙa bugawa da guduma a hankali. Can sai ta motsa. Alhamdu lillahi! Ta fito fari fat da gari.

Boris biyun sun mutu, lambarsu 6902, wato milimita 15 a ciki, 28 a waje, kauri 7. Gobe zan leƙa Ƙofar Ruwa nema. Wajen mayarwa, giris a jikin sanda, gam a haƙori kaɗai. An rubuta ƙarfin ɗauri a kan notin, don haka ba zan ɗaure ba sai na samu aron sifana mai awo. Wanda ke da ita a cikin gari ya taimaka mini.