Asabar a Utrecht: Hajiya ta zo neman atamfa

Ƙarfe sha biyu saura na dare. Yara sun yi barci, ƙafafuna kuwa kamar ba nawa ba. Gara in rubuta yanzu tun abin yana da zafinsa, don a duk tafiyar nan babu ranar da Hajiya ta ɗokanta kamar ta yau.

Tun muna Kano take zancen Kawu, ɗan'uwanta da ke zaune a Utrecht. Ni ban taɓa ganinsa ba, Abban yara ma sau ɗaya ya gan shi, yana ɗan firamare. Dangantakar sai Hajiya ke iya warware ta: kakanta na wajen uba da kakan Kawu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Da Abban yara ya kira shi wata uku da suka wuce ya ce muna tafe Holan hutu, sai Kawu ya ce bari ya duba kalanda, sannan ya ce Asabar ta biyu a Yuli, ƙarfe huɗu na yamma. Ran Hajiya ya ɓaci. "Zuwa gidan ɗan'uwan nawa sai an yanka mini lokaci kamar mai ganin likita?" Ban ce komai ba, surukuwa ce, amma a zuciyata ina bayanta.

Daga Amstadam zuwa Utrecht ko rabin awa jirgin ƙasa bai yi ba. Muna fitowa tasha Babba ya ja mu wurin ajiye kekuna da ke ƙarƙashinta, hawa uku, yana ɗaukar keke 12,500. Na ga kekuna a duniya, amma ban taɓa ganin an gina musu gida irin wannan ba. Minti biyar bayan haka saura ƙiris wata dattijuwa mai furfura ta kwashe ni da nata keken. Ashe jan daɓen da na tsaya a kai ina gyara wa Auta takalmi hanyarsu ce. Ta kaɗa ƙararrawa, ta faɗi wata magana da ban fahimta ba amma na gane, ta wuce ko waiwaye.

Kasuwar yadi muka fara nufa, a titin Breedstraat. Duk Asabar da safe take ci, ta tashi da ƙarfe ɗaya, kuma ta haura shekara 400 tana ci a wurin. Hajiya ta shiga da ƙarfinta. Matar da tun tana budurwa ake sa mata Holan a lefe, ta aurar da 'ya'ya huɗu da Holan, yau ga ta a ƙasar da ake yin ta. Muka bi rumfa rumfa: yadin labule, yadin kujera, zare, maɓalli, zif. A rumfa ɗaya muka ga mai kama da atamfa. Hajiya ta murza bakinta da yatsu biyu, ta juya bayanta, ta ajiye. "Wannan ko a Kantin Kwari ba mai kiranta Holan." Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne tun da muka sauka ƙasar nan ba ta ga Baturiya ko ɗaya ɗaure da zani ba. Ta ce to su wa suke yi wa ita? Abban yara ya ce, "Ku, Hajiya."

Daga nan sai hasumiyar Dom, wadda duk lungun da ka shiga a tsohon gari kana hango ta. Tsayinta mita 112, babu hasumiyar coci da ta kai ta a duk Holan. An aza harsashinta a 1321, aka gama a 1382. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsakaninta da cocin akwai fili fetal, mutane na ta wucewa. Da can gini ɗaya ne. Guguwar 1674 ce ta rushe tsakiyarsa, ba a sake ginawa ba, hasumiyar ta tsaya ita kaɗai. Abban yara da Babba suka bi ɗan jagora suka hau matakala 465. Hajiya ta ce ita Dala ma sau ɗaya ta hau, ba ta ƙara ba. Muka zauna a bakin Oudegracht, tsohuwar hanyar ruwan da ta ratsa gari. Hawa biyu ce: titi a sama, sai ka sauka matakala zuwa gab da ruwa, inda ƙofofin rumbunan 'yan kasuwar da suke. Nan jiragen ruwa ke sauke kaya kai tsaye, yanzu yawancinsu sun koma gidajen abinci. Na saya mana soyayyen kifi gutsuri gutsuri, wanda suke kira kibbeling, da soyayyen dankali an lafta masa mayonis. Hajiya ta ciro ƙullin yajinta daga jaka ta barbaɗa. Ba ta yi kuskure ba.

Da maza suka sauko, Babba na cika baki, ubansa na dafe da gwiwa, muka koma bayan tasha, unguwar Lombok. A bakin unguwar akwai babban masallacin Turkawa, Ulu Camii, mai hasumiya biyu. Nan muka haɗa Azahar da La'asar. Titin Kanaalstraat cike yake da shagunan Turkawa da 'yan Maroko, mahauta, masu kayan miya, masu burodi. Ƙananan titunan kuwa sunayen tsibiran Indunusiya suke ɗauke da su, Jaba, Sumatara, Borneyo, tun daga zamanin da Holan ke mulkin can.

Huɗu saura ashirin muna ƙofar gidan. Abban yara ya ce mu ɗan zaga sai lokaci ya cika. Hajiya ta kalle shi sama da ƙasa, ta miƙa hannu ta danna ƙararrawa.

Dogon mutum ne, gemunsa fari tas. Yana buɗe ƙofa ya ga Hajiya, sai ya durƙusa nan a ƙofar, a gaban masu wucewa da kekuna. "Yaya." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Matakalar gidan tsaye take kamar tsani, shi ya riƙe hannunta har sama.

Gaisuwar ta ɗauki kusan awa guda, kuma ba ta da daɗin ji. Shi yana kiran suna, ita tana amsawa. Wane fa? Ya rasu, shekara tara. Wance ta Ƙofar Mata? Ta rasu. Malamin da ya koya masa allo? Ai tun tuni. Duk wanda aka ambata sai ya ce Allah ya jiƙansa, mu ce amin. Wasu ya ji labarin rasuwarsu a waya, wasu yau ya fara ji. Hausarsa ta tsufa a inda ya bar ta, har yanzu sule da fam suke faɗo masa a baki in zai yi zancen kuɗi, Babba na ta danne dariya. Matarsa 'yar ƙasar ce. Ta ce mana "sannu da zuwa" da kyau, ta kawo shayi da stroopwafel, wata siririyar waina mai zaƙi a tsakiya, ta nuna wa Auta yadda ake ɗora ta a bakin kofi tururi ya tausasa ta.

Da na shiga kicin kai kofuna na ga kalandar a jikin bango. An zagaye ranar yau da jan biro, an rubuta Yaya. Anti ta ce tun ranar da aka yi wayar ya nemi musayar ranar aiki da abokin aikinsa. 'Yarsu kuma, da ke karatu a Groningen, ta yi tafiyar awa biyu a jirgi don ta gan mu. Hausarta ba ta wuce "lafiya lau" ba, kuma duk tambayar da Hajiya ta yi mata da ita take amsawa. Ban gaya wa Hajiya zancen kalandar ba sai da muka fito. Ta yi shiru, ta ce, "To."

Nan ƙarfe shida suke cin abincin dare, rana na tsaka. Tsarabarmu kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Kilishin da Kawu ya fi so bai samu zuwa ba, don doka ta hana matafiyi shigo da nama Tarayyar Turai. Hajiya ta tuɓe mayafi ta shiga kicin ɗin da ba nata ba. Babu maburgi, da abin kaɗa ƙwai ta kaɗa miyar, Anti na tsaye tana rubuta komai a takarda. Aka tuƙa tuwon shinkafa. Kawu ya ture cokali gefe, ya wanke hannu, bai ce uffan ba sai da ya suɗe kwano.

A kan abincin Hajiya ta kai ƙarar kasuwa. Ya yi dariya ya ce ai Vlisco, masana'antar da ke yin atamfar Holan, ba a nan take ba, tana Helmond, can kudu, tun 1846. Da farko kwaikwayon rinin mutanen Jaba suka yi da inji don su sayar a can, amma a Afirka ta Yamma kasuwar ta buɗe, suka koma yi mana. Daga nan ya tashi ya shiga ɗaki. Ya fito da turmi guda, shuɗi da ruwan ƙwai, takardarsa na manne ba a ɓare ba. Ya ce Innarsa ya saya wa, yana jiran zuwa gida, aka yi masa waya kafin ya je. Ya ajiye a cinyar Hajiya. Ta murza bakinsa da yatsu biyu, ta juya bayansa.

"Wannan ita ce," in ji ta.

Sai kusan ƙarfe goma rana ta faɗi. Kawu ya ja mu Magariba a falo, ya raka mu har tasha yana tura kekensa. A jirgi na ce Hajiya ta kawo atamfar in sa a jakata, ta ce a'a. Yanzu haka tana ƙarƙashin matashinta. Gobe Babba na so a je ganin injin niƙa mai fiffike, ni dai in ƙafa ta yarda.