Yaron da ke rushe gidan ƙasa

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 mutane suka yi ta kwararowa Gadarif da ke gabashin Sudan, a watan Disamba kuma na Wad Madani suka biyo baya. Makarantar da nake koyarwa ta koma masaukin 'yan gudun hijira, mu malamai aka ba mu horon 'yan kwanaki kan yadda ake jinyar zuciyar yaro da wasa.

Akwai wani ɗan shekara shida da ya daina magana tun a hanya. Kullum sai ya jiƙa ƙasa ya gina gida, ya jera tsinke uku a ciki, sannan ya tattake da ƙafa. Ni kuwa malama ce, bakina ya saba da tambaya. Na ce, "Wa ke cikin gidan?" Ya tashi ya bar ni, kwana biyu bai dawo ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Mai horar da mu ta tuna mini ƙa'idar da Ba'amurkiya Virginia Axline, masaniyar halayyar yara, ta shimfiɗa tun 1947: yaro ne ke gaba, babba na biye, ba gaggawa. Ba a titsiye shi, abin da ido ya gani ake faɗa. Sai na koma cewa, "Ka sa mutum uku. Yanzu gidan ya faɗi." Mun fi wata a haka. Wata rana kafin ya tattake, ya zare tsinke ɗaya ya sa a aljihu.

Inda na fi shan wuya wajen shigo da iyaye ne. Tsarin da Bernard da Louise Guerney suka fito da shi a shekarun 1960 yana son uwa ko uba su ware rabin awa duk mako, su zauna yaro ya ja wasan. Uwar yaron ta sunkuyar da kai. "Malama, ɗan fari ne fa, ko sunansa ba na kamawa." Ban ga laifinta ba, kunyar nan da ita muka tashi. Sai muka nemo kakarsa, tunda tsakanin kaka da jika dama wasa ne.

Tsohuwa ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Maigidana, ga ni na zo gini." Uwar ce ke kawo ruwa a buta tana jiƙa musu ƙasar, ba ta cewa komai. A zama na huɗu ya ciro tsinken daga aljihu, ya miƙa wa uwar.