Laraba, ni da Gunya da masu goɗiya

Yau Laraba, ranar ɗiba ce, shi ya sa tun kafin in sallame asuba rabin hankalina yana barga. Asibitin dawakin da muke zuwa Litinin da Laraba da Juma'a kaɗai suke ɗibar maniyyin ingarma, haka wurare da yawa suke yi nan Texas idan lokacin barbara ya kama, wato daga tsakiyar Fabrairu har wajen Yuli, kuma dole mai goɗiya ya kira ka tun ana gobe ya ce likitansa ya duba da sikanin, ƙwai ya nuna, a turo. Jiya da la'asar matar nan ta Oklahoma ta kira tana ta haki kamar ita ce ta yi tseren, wai don Allah kar in manta da ita. Ina zan manta, duk kakar nan goɗiyoyi nawa gare mu?

Don waɗanda suka fara karanta ni kwanan nan, Gunya shi ne ingarman namu, ba sunansa na takarda ba ne, ni na sa masa saboda launinsa, kuma rabinsa ne nawa, rabi na tsohuwar da nake haya a gonarta kusa da Stephenville, ni dai Iya nake ce mata har ta saba tana amsawa. Jikarta ce ke hawansa a tseren duro. Wasan ba shi da wuyar fahimta, duro uku ake kafawa irin na mai ɗin nan mai galan 55, tsakanin na farko da na biyu ƙafa 90, daga kowannensu zuwa na uku ƙafa 105 idan cikakken fili ne, doki ya shigo a guje ya kewaye kowanne ya fita a guje, agogo ne alƙali, ba ruwansa da kwalliyar sirdi ko kyan zama. Ka ture duro a gasar rodiyo a ƙara maka sakan 5, kuma a wasan da ake cin kuɗi da ɗan ɓurɓushin sakan, sakan 5 ai ka tattara ka koma gida kawai. Dokin ƙwarai a cikakken fili wajen sakan 17 yake yi, Gunya yana taɓa wajen nan idan ƙasa ta yi masa daɗi kuma bai hango wata goɗiya a bakin ƙofa ba.

Shigar da shi tirela yau bai ba ni wahala ba don ya gane hanyar, har haniniya yake tun muna kwanar asibitin, mara kunya. Abin da har yanzu idan na ba 'yan gida labari ba sa yarda shi ne ingarman nan bai taɓa haɗuwa da yawancin matansa ba. Goɗiyar bogi ce aka yi da ƙarfe da katifa aka lulluɓe, sai a tsayar da goɗiya ta gaske a gefe ya shinshina, ya hau ta bogin, ma'aikaciya ta tara da wata roba mai ruwan ɗumi, minti kaɗan an gama. Daga nan aikin ya koma ɗakin gwaji, a duba a madubin likita nawa ne masu motsi gaba, a gauraya da wani ruwa da ake haɗawa da madara, a ƙirga wajen biliyan ɗaya masu rai a kowane kashi na aikawa, a sa a kula mai sanyaya shi a hankali zuwa kamar digiri 5. Yana rayuwa kwana ɗaya zuwa biyu, saboda haka akwatin dole ya kwana a hanya ya wayi gari a Oklahoma. Likitan ya ce lambobin yau sun fi na makon jiya, na ce alhamdu lillahi, ya ce mene, na ce ma'anarsa madalla, ya gyaɗa kai shi ma bai gane madallar ba.

Ƙungiyar dawakin kwata (Quarter Horse, wato jinsin Gunya), AQHA, wadda aka kafa a 1940 kuma hedkwatarta na Amarillo, ta yarda da wannan aike na akwati, shi ya sa irinmu masu doki ɗaya muke iya numfashi. Masu dawakin Thoroughbred na manyan tsere su dole ingarma ya hau goɗiya ido da ido ko a ƙi yi wa ɗan rajista. Ni kam wannan tsarin ya fi min, goɗiya guda ta harbi Gunya a gwiwa shi ke nan an gama da tsere an gama da barbara.

A hanyar dawowa na tsaya shan mai na yi lissafi a bayan rasit, kuma lissafin bai yi min daɗi ba. Dala 750 muke karɓa kan kowace goɗiya, kuɗin ɗiba da na aike mai goɗiya ke biya daban, amma ingirici da hatsi da mai gyaran kofato da allurai da gwajin jini da inshora da tallar da na saka a Facebook duk daga cikin 750 ɗin nan ne, sannan a raba biyu da Iya. Ba don ina aiki a gonar madara ba da tuni dokin ya cinye ni.

Ƙarfe biyu na rana a nan takwas ne na dare a Katsina, sai ga bidiyon Kawu, ya idar da isha yana zaune ƙofar gida. Na gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi dokin kafin ya tambayi aiki, halinsa ne, shi da ya yi shekaru yana hawan sallah. Na juya masa waya ya ga Gunya ya ce kai wannan ƙirji, amma gajere ne, wannan a sa masa lifidi ai ɓacewa zai yi. Na ce Kawu ba don lifidi aka yi shi ba, ƙugun nan za ka duba, da shi yake murɗawa a jikin duro. Da na gaya masa mata ne suka fi yin wasan, har ƙungiyarsu ta ƙwararru mata ne suka kafa ta a San Angelo tun 1948, kuma yawancin zakarun dawakin ko goɗiya ne ko fiɗiyayye, sai da ya yi dariya har da tari, wai namiji da girmansa ya hau goɗiya. Na ba shi labarin Scamper, dokin da Charmayne James ta ci kambun duniya sau 10 a jere da shi daga 1984 zuwa 1993, fiɗiyayye ne ba ya haihuwa, har sai da suka kwafo shi a ɗakin gwaji a 2006 suka samu ingarma mai suna Clayton, kuma AQHA ba ta rajistar kwafaffen doki. Kawu ya ce a'uzubillahi, Amurka.

Sai kuma ya gyara zama ya ce ɗana, wata tambaya, kuɗin nan da kake karɓa na barbara ka tambayi malamai? Na yi shiru. Ya ce akwai hadisin Ibn Umar a Buhari, Annabi (SAW) ya hana kuɗin barbarar namijin dabba, su da suna yara idan ka kai goɗiyarka gidan mai ingarma goro kake kaiwa ko damin harawa, ihsani ne ba ciniki ba. Na san hadisin, na kuma san malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa idan hayar ingarman aka yi na wani lokaci sananne ko hawa adadi kaza ya halatta, abin da aka hana shi ne a ɗaura kuɗin a kan sai ta ɗauki ciki, domin wannan ba a hannun kowa yake ba. To matsalar ita ce kwantiragin da kowa ke amfani da shi a nan, har da nawa da na kwafo daga na Iya, yana da alkawarin ɗa mai rai, wato idan goɗiya ba ta haifi dukushin da ya miƙe ya sha nono ba, za ka sake ba ta baɗi kyauta. Shin wannan sayar da ciki ne, ko kuwa kyautatawa ce a kan hayar da aka riga aka ƙayyade? Sannan abin da nake aikawa a akwati an auna shi an ƙirga shi, ba hawan da ba a san me ya fita ba ne, shin hukuncin ɗaya ne? Na ce Kawu zan rubuta duka in tura wa malam, ya ce ka rubuta da Hausa dai yadda zai gane, kuma kar ka ɓoye masa zancen goɗiyar ƙarfen nan. Na ce to ranka ya daɗe.

Ban gama jujjuya wannan a kai ba wajen ƙarfe huɗu sai ga wani mutum da tirela, bai kira ba bai yi alƙawari ba, goɗiya a baya. Mutumin kirki a fuska, ya ce ya ga Gunya a wani ƙaramin tsere ya burge shi, yana so a sake su tare a fili kwana biyu zai ba da dala 300 a hannu yanzu yanzu. Na ce ina takardunta, ya ce tana da su a wani wuri. Gwajin Coggins fa, na cutar jinin nan da ba a shiga taron dawaki sai da shi? Ya wuce lokaci. Gwajin gado? Ya ce bai taɓa ji ba. Anan na zaunar da shi a kan ingirici na yi masa bayani, AQHA tana wajabta wa duk ingarman da ke barbara gwajin cututtukan gado irin su HYPP da PSSM da MH da HERDA da GBED, kuma Gunya yana ɗauke da kwafi ɗaya na GBED, na rubuta shi ɓaro-ɓaro a tallata. Shi lafiyarsa ƙalau, amma idan goɗiya ita ma tana ɗauke da shi, cikin kowace haihuwa akwai kashi ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo a mace ko ya mutu cikin 'yan makonni, bayan ta yi wata 11 tana ɗauke da shi. Gashin wutsiya kawai ake tsigewa a aika, ba tsada. Ya ce shi kakansa bai taɓa gwada komai ba, na ce haka ne, nawa ma haka, amma ban da takarda ba barbara. Ya ƙara zuwa 400. Iya tana jingine da shinge ba ta ce uffan ba, da ya ja motarsa ta ce da ka karɓa da na sayar maka da rabona yau ɗin nan.

Wallahi 400 ɗin ta yi min ciwo don ranar Asabar mai kofato zai zo. Amma abin da mutumin bai gani ba, ba gudun Gunya ake saya ba, gudun 'ya'yansa ake saya, kuma har yau ba shi da ɗa ko ɗaya da ya shiga fili. Masu goɗiya idan sun kira tambayarsu ta farko 'ya'yansa sun ci nawa, ta biyu yana cikin Pink Buckle, gasar nan mai tsabar kuɗi da ake yi a filin Lazy E na Guthrie wadda sai 'ya'yan ingarmun da aka biya musu rajista ke shiga, ni kuwa kuɗin shiga wannan layin ko a mafarki. Suna jin a'a sau biyu sai su ce za su sake kira. Ga jinin shahararrun ingarmu irin su Dash Ta Fame da Frenchmans Guy cike da kasuwa, Gunya ma jikan Frenchmans Guy ne ta wajen uwa amma jikokin nan sun fi a ƙirga. Mu a gida muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su a nan sai sun ga ɗan ya yi gudun da agogo a hannu. Wanda aka yi cikinsa bana sai baɗi a haife shi, sai ya kai shekara huɗu ko biyar ya shiga gasar matasan dawaki, kuma duk dokin da ke rajista ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara ko da a Yuni aka haife shi, shi ya sa ake kunna wa goɗiyoyi fitila tun Disamba don su yi zafi da wuri. Ke nan sai nan da shekara biyar zan san ko ina da ingarma ko kuwa dokin hawa ne kawai mai tsada. 'Yan ƙalilan ɗin da za su fara fita su ne za su yi masa suna ko su kashe shi, to in bar su su fito daga kowace goɗiya da aka sauke a ƙofa? Gara biyar masu gudu da ashirin da ba a san asalinsu ba. Akwai wata yarinya a Weatherford mai goɗiyar da ta ci kuɗi sosai, ita ko kyauta ta ce tana so zan ba ta, in ma ƙara mata da kuɗin aike.

Da yamma jikar Iya ta yi masa kilisa, ba ta sake shi a guje ba saboda ranar ɗiba ce, tafiya da sassarfa kawai a kewayen duro, a na biyun yana son ya kwanta da kafaɗa ta ɗaga shi sau da yawa har ya daina gardama. Ni na wanke shi na zuba masa abinci.

Yanzu ƙarfe goma ta wuce, na shigar da goɗiyar Oklahoma a littafi da kwanan wata don rahoton barbara da ake aika wa AQHA kafin 30 ga Nuwamba, na tura mata lambar bin akwati, ta ce za su yi sikanin ciki bayan kwana 14. Wasiƙar malam na rubuta rabi, na tsaya a wajen fassara sharaɗin ɗa mai rai don ina so in saka shi daidai yadda yake a kwantiragin ba yadda zai yi min daɗi ba. Jibi kuma akwai mai goɗiya daga Kansas da ke ganin tasa za ta nuna, ga Juma'a ga masallacin da nake zuwa sai an yi tafiyar fiye da awa ɗaya wajen Fort Worth, na roƙi asibitin su sa mu farkon layi ƙarfe bakwai, sun ce sai gobe za su tabbatar min.